Jan Ƙyalle Mai Kifi

"Wa ya ɗaure wanga abu?"

Jatau ya ɗaga kwalin ta igiya da yatsa biyu, yana nesanta shi da jikinsa kamar mushe. Igiyar ta zame gefe, kwalin ya karkace, wani abu ya yi ƙwal a ciki.

"Ni ne, Baba Jatau," in ji Balarabe. Yana tsaye kusa da sabon babur ɗinsa, da baƙin tabarau, da hular kwano ruwan ɗorawa a kai, ko da yake ranar ba shi da aiki. Tun da ya samu tuƙin injin kwaɓa siminti a wurin dam, ba wanda ya sake ganin tsakiyar kansa a Mafara. "Rediyo ce. Garbadu za a kai wa tsohona."

"Rediyo. To, kahin ta kai Garbadu ta zama kwanon awo. Ka cire batir?"

"A'a."

"Ka mai da eriya ciki?"

"Ina jin dai..."

"Kana jin dai. Hular ga da ka kihwa a kai, ashe babu abin da take tsarewa."

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Balarabe ma ya yi, don ba shi da yadda zai yi. Jatau kuwa bai yi ba. Shi ba ya cin ribar maganarsa, yakan jefa ta ne ya ci gaba da aiki.

A shekarun nan da ake gina dam na Bakolori, Talata Mafara ta cika da kuɗi da baƙi da wauta, kuma duk ukun ta tasha suke bi. Mutumin da bai taɓa mallakar abin da ya fi fartanya ba, yau ga shi da agogon bango zai aika wa surukinsa. Sai ya naɗe shi a tsumma, ya jefa bayan mota tsakanin buhunan albasa, gobe ya dawo yana rantsuwa direba ne ya fasa masa. Masu ɗan sauran hankali sukan zo gindin darbejiyar da ke bakin tasha, inda Jatau yake da benci, da tulin takardun buhun siminti, da damin igiyar rama a cikin bokitin ruwa.

Jatau ya san duniya kafin duniya ta san hanyar Mafara. Ya yi yaron mota har Kumasi, ya yi zaman Shagamu wajen masu huhun goro, inda in ka bar iska ta shiga huhu za ka ci mari kafin ka ci abinci. A can ya koyi ɗauri. Ƙwan zabi yakan binne shi cikin ƙaiƙayi a ƙwarya, tsininsa ƙasa. Kwalbar man shanu yakan toshe ta da totuwar masara, ya liƙe da kakin zuma. Kwanonin amarya yakan sa tsumma tsakanin kowane biyu don kada fenti ya ɓare. Igiya kuwa jiƙaƙƙiya yake ɗauri da ita, in ta bushe ta ƙara kamawa. Duk abin da ya fita daga hannunsa kamanninsa ɗaya ne: takarda ruwan ƙasa, kusurwa huɗu a tsaye, ƙulli ɗaya a tsakiya wanda ba mai iya kwance shi sai shi. Da wannan yake taƙama, da wannan kuma yake auna mutane. Bai cika samun wanda ya kai awo ba.

Ya zazzage batiran rediyon, ya fara cusa audugar rimi a kusurwoyin kwalin ke nan, sai inuwar wata mace ta faɗo masa a kan aiki. Tana da tsohon ciki, ta rungume wani ƙunshi a ƙirji. Idonta ya yi ja, amma ba kuka take ba.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya? Ya aiki?"

"Da godiya. Mi ke tahe da ke, ɗiyata?"

"Ni ce Larai, ɗiyar Malam Giɗaɗo na Dosara. Allah ya yi mai rasuwa da asuba. Yanzu masu zuwa kasuwa sunka gaya mani."

Jatau ya ajiye audugar. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi jiƙan shi, shi yi mai rahama."

"Amin." Ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe bakin ƙunshin kaɗan. Farin alawayyo ne a linke, gefen linkin ya ɗan yi ja-ja don daɗewa. "Likkahwaninai ne. Da ƙahwa ya tahi Makka, tun ba a haihe ni ba. Can ya saye shi, ya wanke shi da zamzam, ya goyo shi har gida. Da ruwan dam ya ci garinmu sunka koma Dosara, ɗakin da anka ba su gara ta hana su sakat. Shi ne ya kawo mani in sa a akwatin ƙarhe. Ya ce ranar da anka neme shi in tabbata ya iso."

"Ke mi ya hana ki kai?"

"Direbobi sun ƙi ɗaukata. Wai hanyar da tifofi sunka cinye sai ta sauke ni a daji. Maigidana kuma shina can wajen haƙar kanal, hanyar ruwan dam, ban san inda za a gano shi ba. Can gida sun ce za su jira da jana'iza har azahar. Zahin ga ba shi barin a wuce haka."

Jatau ya ture kwalin Balarabe da ƙafa. Ya wanke hannu har gwiwa, abin da bai taɓa yi wa kayan kowa ba. Ya zaɓi buhun siminti mafi lafiya, ya ɓare fallen waje ya yar, ya ɓare na ciki mai gari ya yar, ya goge na tsakiya da gefen rigarsa. Ya shimfiɗa likkafanin, ya naɗe, ya juya bakin naɗin ƙasa yadda ko ruwa aka watsa ba zai sami ƙofa ba. Ya ƙara falle na biyu a gicciye. Sannan ya zaro igiya daga bokiti, ya taka ƙarshenta da babban yatsa, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya yi ƙullinsa.

Larai ta kama gefen zanenta da haƙori, ta yago ƙyalle siriri. "Bari in ɗaura shaida, Baba. Inna na gani za ta san daga wurina ne."

"Ɗaura abinki," in ji Jatau, ya juya yana naɗe sauran igiya.

Wannan al'adar mata ce tun kafin a san mota. Mai aikawa ba ta karatu, mai karɓa ba ta karatu, direban ma lambar motarsa kaɗai ya iya. Sai mace ta yagi zanenta ta ɗaura wa saƙo, 'yar'uwarta a can ta gane. Jatau ya ƙi jinin abin. Ya gama aiki tsaf, a zo a rataya masa tsumma kamar wutsiyar ƙadangare. Ya bar su suna yi ne don ya gaji da gardama, amma ya daina kallon ƙyallayen tun da daɗewa. A wajensa zanen mace zanen mace ne.

"Ki tahi gida ki kwanta," ya ce mata. "Motar Hamma za ta tashi yanzu, ta Dosara za ta bi kahin Maradun. Abin da na ɗaure bai taɓa isa da rauni ba."

Ta yi masa addu'a ta tafi tana dafa ƙugu. Ya ɗora ƙunshin a kan benci, kusa da wani mai irin girmansa. Wancan na Asabe mai tuwo ne, wadda take da rumfa a ƙofar tasha. Tun da sassafe ta kawo, kayan jinjiri ne za a kai wa ƙanwarta a Bakura, ranar ake suna. Ita ma ta ɗaura nata ƙyallen, ta ruga wajen tukunyarta.

Jatau ya koma kan rediyo. Yana cikin nuna wa Balarabe yadda ake rufe kwali, da yadda uban mutum zai ji in aka kai masa tarkace, sai ga Zubairu direban Bakura yana suɗe hannu.

"Sarkin ɗauri, Asabe ta ce akwai saƙonta. Mai jan ƙyalle da kihi."

"Shina kan benci. Ɗauki ka ba ni wuri, kana tare mani iska."

Zubairu ya ɗauka ya tafi. Jim kaɗan Hamma ya danna oda. Jatau ya tashi da kansa, ya ɗauki ƙunshin da ya rage, ya kai masa har gaban mota. A hanya ya ga shatin yatsu na manja a jikin takardar, ya yi tsaki. Zubairu ke nan, ya ce a ransa, sai ya taɓa abin da ba nasa ba da hannun miya. Mutanen da ko akuya ba su isa a ba su kiwo ba, su aka ba mota.

"Wanga ba bayan mota za shi ba," ya ce wa Hamma. "Kan cinyarka in ya yiwu. Dosara, gidan Malam Giɗaɗo, gidan rasuwa. Da shi za a rufe mamaci. Ka tsaya shan hura a hanya, Allah shina ganinka."

Hamma ya karɓa da hannu biyu, ya sa a kan kujera kusa da shi. Motar ta tashi.

Rana ta yi tsaka, kasuwa ta cika ta batse. Jatau ya ɗaure wa wani keken ɗinki, ya kori wani da ya zo da kalanzir da garin rogo yana so a haɗa masa wuri ɗaya. Sai ga Asabe da kwanon tuwonsa kamar kullum.

"Tsoho, ga abincinka, ci ka samu ƙarhin zagin mutane. Zubairu ya ɗauki saƙona?"

"Ya ɗauka."

"Madalla. Ai ba shi ɓacewa. Ga ƙyalle, ga kuma yatsuna na manja da na bar mai a jiki. Na san ka gani ka zage ni a zuci."

Jatau ya kai loma baki ke nan. Ya mai da ita kwano. Ya dubi hannun Asabe, sannan, karo na farko a shekaru, ya dubi zanen mace da kyau. Atamfa ce ja, da fararen kifaye suna bin juna. Gefenta a yage.

"Wagga atamhwa," ya ce, "ina kika samo ta?"

"Kai kaɗai ne ba ka san Ruwa-ya-zo ba? Tun da kuɗin dam sunka shigo wani Bayarabe ya kawo ta dila-dila. Macen da ba ta da ita ai ba ta shiga biki bana. Ɗaga kanka ka duba mana."

Ya ɗaga kai. Mai sayar da fura a bakin kwata, ja mai kifi. Wata da ke jan yaro za su hau mota, ja mai kifi. Can wajen masu barkono mata uku a jere, duk kifi. Ya tuna Larai tana kama gefen zanenta da haƙori, sai a lokacin launin zanen ya zo masa. Ƙunshi mai manja shi ne na Asabe, kuma shi ya kai wa Hamma da hannunsa. Kayan jinjiri sun nufi gidan rasuwa, likkafani ya nufi gidan suna.

Babu motar Bakura mai tashi a tasha, wadda ke layi ko rabi ba ta yi ba. Abin hawa ɗaya ne a shirye, mai shi kuma yana jingine da shi yana goge madubi, yana jiran motar Garbadu. Jatau ya sha faɗa a gaban kowa cewa babur gajeriyar hanyar asibiti ce. Ya tako har gaban Balarabe.

"Kai ni Bakura."

Balarabe ya zare tabarau. "Wa? Kai, Baba? A kan wanga?" Ya waiwayi 'yan tasha don su shaida. "To ka cire batir? Ka mai da eriya ciki?"

Aka yi dariya, wadda ta fi ta safe ƙarfi. Jatau ya tsaya ya shanye ta. Da ta lafa ya faɗa masa abin da ya faru, a taƙaice, ba tare da ya ɗora wa kowa ba. Balarabe ya daina murmushi. Ya ba wani amanar kwalinsa, ya buga babur, sannan ya cire hular kwanon ya miƙa.

"Sa wagga. Ko ba ta tsare komi ba, ta tsare rana."

Haka mutanen Mafara suka ga Jatau ya ratsa kasuwa a bayan babur, da babbar riga tana kaɗawa, da kwano ruwan ɗorawa a kai, ya ƙanƙame ƙugun wanda ya zaga da safe.

A Bakura suka tarar da Zubairu kwance ƙarƙashin motarsa, ya rufe fuska da hula.

"Na kai tun ɗazu," ya ce, bai ko tashi ba. "Ja mai kihi ta ce, ja mai kihi na ɗauka. Biyu na gani iri ɗaya, na ɗauki na kusa."

"Biyu ka gani, bakinka ya mutu?"

"Kai ka ce in ɗauka in ba ka wuri. Na ba ka wuri." Ya mai da hular kan fuskarsa. "Gidan na bayan masallacin Juma'a, za ku ji kiɗan ƙwarya."

Suka ji kuwa. Jatau ya yi sallama a zaure har muryarsa ta dushe kafin wata ta leƙo. Ta ƙofar da ta bari a buɗe ya hango tsakar gida. Mata maƙil, wasu na daka, wasu na rawa, wasu na rabon tuwo, kuma daga bakin ƙofa har bangon baya babu abin da ke motsi sai jan zane da fararen kifaye. Anko suka yi. In kowace ta yagi gefen zanenta ta ɗaura wa saƙo, sai a rasa na wa ye har tashin duniya. Jatau ya so ya yi tsaki, tsakin bai fito ba.

Nagode mai jego, ƙanwar Asabe, ta fito da ƙunshin a hannu. Igiyar ta jiƙe da miyau, duk shatin haƙora.

"Kai ne daga Mahwara? To wane mugu ne ya ɗaure wanga? Mun yi da haƙori, mun yi da tsinke, ya ƙi. Wuƙar gidan tana wurin masu gyaran rago, yanzu na aika a karɓo."

"Ba naki ba ne," in ji Jatau. "An yi musanye. Ba ni."

Ta janye shi jikinta. "Ba nawa ba kamar yaya? Ga ƙyallen yayata."

"Ƙyallen yayarki. Waiwaya ki duba bayanki, ki nuna mani wadda ba ƙyallenta ba ne."

"Ni dai ban san ka ba, Malam. Sai na ga abin da ke ciki."

Ya matso, ya rage murya yadda na ciki ba za su ji ba. "Likkahwani ne. Mamaci shina kwance a Dosara ana jiran shi."

Nagode ta miƙo shi da sauri kamar ya ƙone ta, ta goge hannu a zane. "A gidan suna! A'uzubillahi. Ɗan kwana bakwai ka aiko ma wanga? Da girmanka da hurhurarka?" Ta dubi hular kwanon, ta dube shi sama da ƙasa. "To ina kayan ɗana?"

"Za su zo."

"Za su zo. In ya yi gemu ya sa."

Ya juya ƙunshin a hannu kafin ya hau babur. Kusurwoyi huɗu na nan a tsaye, ƙulli bai motsa ba. Mata goma da haƙoransu ba su ci masa komai ba. Ko a wannan hali sai da wani abu mai kama da daɗi ya ɗan taso masa, ya danne shi.

Kiran azahar ya same su suna sake ratsa Mafara. Balarabe ya rage gudu, Jatau ya dafa kafaɗarsa.

"Mu tahi. Ma haɗa da la'asar."

Hanyar Maradun ba hanya ba ce kuma, tifofi sun mai da ta kunya-kunya kamar gonar dankali. Suka bi ta gefen aikin. Ga tudun ƙasa da aka tara ya tare gabas, ga injina suna ta kai da komo a kansa kamar tururuwa, ga Turawa da gajerun wanduna sun yi jajur. Bayan tudun ruwa ne shimfiɗe, kawunan kuka da giginya sun leƙo daga cikinsa a inda garuruwa suke a da. Sau biyu babur ya kafe a yashi suka sauka suka tura. Jatau yana turawa da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗaga ƙunshin sama.

Tun daga nesa ya gane gidan, ya kuma gane sauran. Maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, an jingine shebur da sangwami a jikin danga, jar ƙasa ɗanya a bakinsu. Ƙafafun mazan ma duk jar ƙasa. Wani na zagayawa da buta.

Ya cire hular ya ba Balarabe, ya yi sallama, ya durƙusa. Aka gaisa, aka yi ta'aziyya, aka shafa fatiha, duk ƙunshin na kan gwiwarsa kowa na satar kallonsa. Wani dattijo, ƙanen mamacin, shi ya fara magana.

"Kai ne mai ɗaurin Mahwara?"

"Ni ne."

"Direba ya kawo saƙonka da wuri, ba mu da ta cewa a kanai. An gama wanka, anka kawo shi gaban gawa. Ƙullin ya ƙi, sai da wuƙa munka buɗe." Ya dubi ƙasa. "Riguna 'yan mitsi-mitsi. Da hular ulu, da hoda, da sabulu."

Ba wanda ya yi dariya. Jatau ya gwammace a yi.

"Mun ƙara jira bayan salla, ko wani zai biyo baya. Zahi ya yi yawa. Liman ya ce haƙƙin mamaci a gaggauta. Akwai alawayyo wurin mai tebur, munka yanko." Dattijon ya nuna ƙofa da haɓa. "Shiga ka ba mai ɗakin. Ita ta san zancen wanga likkahwani, ba mu ba."

Aka yi masa iso. Inna Adama, matar mamacin, tana zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, tsohuwa ƙanƙanuwa, ta lulluɓe har goshi. Jatau ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah shi jiƙan Malam, shi sa ya huta."

"Amin."

Ya tura ƙunshin gabanta. Yana da magana a baki, ta Bayaraben da ya cika ƙasa da zane iri ɗaya, da direban da ya ga biyu ya yi shiru, da matan da ba su da wata dabara sai yagar tsumma. Duk gaskiya ne, kuma ya saba faɗin irinta. Bai faɗa ba.

Tsohuwar ta ɗauki ƙunshin, ta juya shi, ta danna kusurwa da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ta shafa ƙullin.

"An ɗaure shi da kyau," ta ce. "Ko ƙura ba ta shiga ba."

"Ba ta shiga ba."

"Tun ina amarya yake gudun ɓera da shi. Ya tsere ma ɓera, ya tsere ma gobara, ya tsere ma ruwan dam, ya tsere ma gara." Ta ajiye shi gefenta, ta gyara masa zama. Ba ta nemi a buɗe ba. "Yaya ka baro Larai?"

"Da nauyi. Amma tana tahiya da ƙahwarta."

"To ka ji. In ta tambaye ka, ka ce mata ya iso lahiya. Kada ka ƙara komi a kai sai ta sauka."

"To, Inna."

"Ai ba ƙarya za ka yi ba. Ya iso lahiya."

Ta miƙa hannu bayanta ta jawo ɗaya ƙunshin. An mai da kayan jinjirin cikin takardar simintin, a cukurkuɗe, hannun wata 'yar riga ya leƙo ta gefe. Igiyarsa da aka yanka gunduwa-gunduwa ita aka ƙuƙƙulla aka zagaya, ƙulli bisa ƙulli, irin na ɗaure akuya. Jan ƙyallen na nan, shatin manjan na nan.

"Wanga kuma na masu rai ne, suna jira. Direba ya ce watakila na Bakura ne." Ta ɗago ta dube shi karo na farko. "Bakura. Ka riƙe, ko in sake hwaɗi?"

"Na riƙe."

A waje Balarabe ya buga babur. Ya dubi ƙunshin da ke hannun Jatau, ya dubi ƙulle-ƙullen, ya dubi fuskar tsohon, yana jira ya ji wa ya ɗaure wanga abu. Jatau ya karɓi hular kwanon ya kifa a kai, ya hau.

Tun kafin su fita gari igiyar ta yi sako-sako, takardar ta fara buɗewa. Jatau bai ce a tsaya ya gyara ba. Ya tura hannun 'yar rigar ciki da yatsa, ya rungume ƙunshin a ƙirji, suka kama hanya.